Carbin Naƙuda

Kun taso kun tarar ana ba da labarin shekarar da babanku ya bar tumatir ya ruɓe a gona saboda ni, kuma duk wanda zai ba da shi sai ya fara da dariya. Ni ma ina taya su, don kada a ce Dije ba ta san wasa ba. Amma labarin ya sha hannu har ya canza kama. A bakin wasu ni ce ragguwa mai raki, a bakin wasu kuma Iya, kakarku ta wajen uba, ita ce muguwar surukar da ta so hana a kai ni asibiti. Duka biyun ba haka ba ne. Yanzu da idona ya fara rauni, kuma yawancin waɗanda aka yi abin a gabansu sun riga mu gidan gaskiya, gara in rubuta muku shi yadda ya faru. Musamman ke Ummi, babbarsu, da aka yi duk wannan hidimar a kanki ba ki san ana yi ba.

Kafin Ummi na yi wani cikin, wanda ba mu cika zancensa ba. Da ya kai wata bakwai aka mayar da ni gidanmu, can wani ƙauye a ƙasar Bunkure, goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. Tarbiyyar da aka yi mana ita ce mace ba ta maganar cikin fari, balle ta buɗe baki ta ce wa uwarta naƙuda ta zo. Abin kunya ne, kuma ni na fi kowa riƙe kunyar nan, don ina son a yabe ni. Da ciwo ya taso sai na cije leɓe. Na yi shara da shi, na yi surfe da shi, in ya murɗa in dafa turmi kamar ina gyara zani. Kwana biyu cur ina haka kafin mahaifiyata ta lura da gumin da ke karyo mini ta aika a kira ungozoma. A rana ta uku ɗan ya zo, namiji, amma bai zo da rai ba. Ba a ba ni na gan shi ba. Mata suka cika gidan suna ta'aziyya suna cewa haka Allah ya so, kuma haka ne, ban taɓa musun wannan ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yabon da suka haɗa da shi: wai Dije jaruma ce, ko tari ba a ji ta yi ba. Ina kwance ina jin su, ƙirjina ya cika da nono, hannuna babu kowa.

Bayan shekara biyu na sami cikin Ummi. A lokacin muna ƙauyen babanku, tsakanin Kura da Kadawa, gidan da yanzu ya zama kango a bakin kanal, hanyar ruwan noman rani. Mu uku ne a gidan: ni da shi da Iya. Da damina ya yi shinkafa, da rani ya yi tumatir, kuma tumatirin nan shi ne ƙashin bayan gidan. Ruwan kanal ba kullum ake sakar wa kowa ba, kowane yanki da ranarsa. In ranarka ta zo dole ka tsaya a gonarka da kanka kana buɗe wannan kunya kana toshe waccan, in ka yi sakaci maƙwabci ya janye ruwan, sai kuma wani zagayen. Wannan cikin ban yi wasa da shi ba, na je awo a asibiti a Kura. Malamar da ta duba ni ta ji abin da ya faru a na farko, ta riƙe hannuna ta ce da zarar naƙuda ta fara in taho, kada in zauna a gida ko na sa'a ɗaya. Na riƙe wannan magana kamar karatun salla. Sai dai ban tambaye ta yadda zan gane naƙudar ba, don a ganina wadda ta taɓa sha ai ba sai an faɗa mata ba.

Cikin yana wata na takwas, tumatir ya fara 'ya'ya, ranar ban ruwanmu ce kuwa, ina tsugune ina wanke-wanke sai na ji cikina ya ɗaure tamau. Na taɓa shi na ji kamar ƙwarya a kife. Ya sake, jim kaɗan ya kuma ɗaurewa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Na ƙwalla ihun da ban yi ba a wancan karon, har awakin maƙwabta suka firgita. Aka aika gona, babanku ya bar ruwa yana gudu a kunya ɗaya ya taho, ya samo aron mota, muka kama hanya. Tun kafin mu kai Kura na ji cikin ya saki, ya koma lakwas kamar ba shi ba. Na so in ce a juya, kunya ta hana ni. Malamar ta duba ni ta yi murmushi, ta ce ba naƙuda ba ce, mahaifa ce take gwada ƙarfinta kafin ranar aiki. Ta yi mini bayani mai tsawo, Allah ya saka mata, amma ko kalma ɗaya ba ta shiga ba, domin hankalina yana can wajen ruwan da aka bari. Muka dawo muka tarar rabin gonar ya sha har ya yi tabki, rabin ko ɗigo bai gani ba.

Babanku bai nuna mini ɓacin rai ba, sai ma rake da ya tsaya ya saya mini a hanya. Da na fara ba shi haƙuri ya katse ni.

"Gara mu je sau goma a banza, da mu ƙi zuwa sau ɗaya."

Iya ba ta yi faɗa ba, amma Iya ba ta buƙatar faɗa. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Sannu da hanya," da irin muryar da ta fi zagi zafi. Ita kuwa Uwani, taubashiyar babanku da ke katanga ɗaya da mu, tun daga soro ta fara guɗa.

"Barka, barka! Ina jaririn? Ko can kuka ba su ajiya?"

Bayan mako uku abin ya sake faruwa, ranar Juma'a, ya fi na farko ƙarfi. Na yi ta jan rai, amma da na tuna yaron da ba a nuna mini ba sai na kasa. Aka tsamo babanku daga ƙofar masallaci da babbar rigarsa, muka je, aka sake dawo da mu. Daga ranar zance ya bar gidanmu ya shiga gari. A majalisa suka laƙaba masa suna Angon Asibiti, in ya zo wucewa a ce masa, "Yau ba tafiya?" Mata a gidan suna, in wata ta yi tuntuɓe sai a ce a kira wa Dije mota. Yanzu ina ba ku labarin ina dariya, amma a lokacin ban iya haɗiye tuwo ba. Ni da aka yaba da dauriya, na koma abin kwatance wajen raki. Sai zuciyata ta juya gaba ɗaya. Na rantse a raina cewa ko cikin nan zai tsage biyu ba zan ƙara buɗe baki ba sai an ga kan ɗa. Ku lura da wannan, domin a nan haɗarin yake: tsoron dariya ya mayar da ni daidai inda kunya ta ajiye ni a farko.

Allah da ikonsa, sai ya turo Inna Saratu. Ku manyan kun san ta, tsohuwar nan mai faɗin goshi da ke kawo mana daddawa duk Talata. Mutanen gidansu Hausawa ne kamar mu, kakanninsu ba su shiga Musulunci ba, su kuma suka zama Kirista. Da ƙuruciyarta ta yi shekaru tana aiki a wani ɗakin shan magani na mishan, tana wanke kaya tana riƙe wa masu haihuwa hannu, ta ga haihuwa fiye da yadda za ta iya tunawa. Sa'ar Iya ce, kuma ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ranar ta sauke ƙwaryarta a tsakar gida, rana ta take, ni kuma tun safe nake tankaɗe ko ruwa ban kurɓa ba. Sai cikin ya ɗaure. Na ci gaba da kaɗa rariya, amma idon Inna Saratu ba ya kuskure.

"Ke 'yar nan, ajiye rariyar nan. Tun yaushe yake yi miki haka?"

Na ce ba komai. Ta ce ai ba komai ɗin take tambaya. Ta matso ta ɗora tafinta a cikina, ta jira har ya saki, sannan ta tambaye ni ina na ji shi, gaba ko baya. Na ce gaba, nan saman mara. Ta sa na je na yi fitsari, ta cika moɗa da ruwan randa ta ce in shanye, ta ƙara wata, ta kwantar da ni a tabarma ta gefen hagu a inuwar darbejiya. Ta koma suna cinikin daddawa da Iya kamar ta manta da ni. Ya sake ɗaurewa sau ɗaya, sama-sama, daga nan shiru. Can ta waiwayo.

"Ya tafi ko? To wannan ɗan leƙen asiri ne, ba shi ne baƙon ba. Na gwaji yana son rana da gajiya da ƙishirwa. In kin sha ruwa kin kwanta, ko kina kwance kin tashi kin taka, sai ya ji kunya ya tafi. Ba shi da lokaci, yanzu ya zo, anjima ya manta da ke. Na gaske kuwa yakan taso daga baya, ya zagayo ƙugu ya sauka a mara. Ki sha randa guda, ki kwanta, ki yi rawa in kin ga dama, ba inda za shi. Kuma yana da alƙawari: yana zuwa a kan lokaci, kowane zuwa ya fi na baya kusa, ya fi shi daɗewa, ya fi shi zafi."

Na ce mata ni ba ni da agogo, wanda ke gidan yana hannun babanku, shi kuma yana gona. Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Ku da kuke da carbi, me za ki yi da agogo? Da ya sake ki, ki fara ja. Ki ga zagaye nawa za ki yi kafin ya dawo. In yanzu takwas ne, anjima biyu, anjima ki ja har ki gaji bai zo ba, ki tashi ki yi aikinki. In kuwa kika ga shida, shida, biyar, biyar, yana ta raguwa ba ya komawa sama, to ki kira ko wane ne, ko liman ne a kan mumbari."

Iya da ke ƙulla daddawa a leda ta ɗago kai.

"Ikon Allah! Yau kuma Saratu ce za ta koya mana jan carbi?"

"Ni ban taɓa muku abin da kuke faɗa a kai ba," in ji Inna Saratu. "Ta yi istigfarinta, Allah ya ji, ita kuma ta ƙirga. Riba biyu ke nan."

Kafin ta ɗauki ƙwaryarta ta sake tsugunawa kusa da ni, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce abu uku ba ruwansu da carbi: in na ga jini, in faya ta fashe ruwa ya zubo, ko in na ji ɗan ya daina motsi yadda ya saba. Waɗannan ba a ƙirga su, tafiya ake yi. Ta ƙara da cewa zuwa biyun da na yi ba wauta ba ce, ga wadda ta rasa na fari ai gara haka, wauta ita ce zama. Tun da aka fara yi mini dariya, in ban da babanku, ita ce mutum ta farko da ta faɗa mini haka, sai na juya fuskata ga bango don kada Iya ta ga hawayena.

Makonni biyu da suka biyo baya su ne mafi daɗi a cikin nan. Carbina yana wuyana kamar sarƙa. In ya ɗaure sai in sha ruwa in kwanta in fara ja. Wani lokaci in sami bakwai, sai uku, sai goma sha wani abu, sai barci ya kwashe ni da carbin a hannu. Ban taɓa yin istigfari mai yawa a rayuwata kamar na kwanakin nan ba, Uwani har cewa take in na haihu a ba ni limancin mata. Tsoron da ya zauna mini a ƙirji ya sauka, don na daina zama kamar makauniya a bakin rijiya. Na fara cin abinci, na fara rama wa Uwani tsokanarta.

A gona kuma tumatir ya nuna, kuma shekarar ya yi kyau duk da ruwan da ya rasa. Ku da kuka tashi a birni ba ku san halin tumatir ba: ba ya jiran kowa. In ya yi ja, zafi kuma ya shigo, kwana biyu ya isa ya fashe a jikin uwarsa. Babanku ya shirya da dillali cewa babbar mota mai zuwa Kudu za ta tsaya a bakin titi ranar Laraba, ya ɗauki masu tsinka, ya tara kwanduna, ya samo ƙaramar motar da za ta riƙa kwaso kaya daga gona zuwa titi. Irin wannan ranar mai gona ba ya matsawa ko nan da can, shi ne mai duba kowane kwando, shi ne mai tsayawa a kan lodi. Kuma babanku ba shi da wa ba shi da ƙane da zai bar wa. Yana idar da sallar asuba ya fita, ko koko bai tsaya sha ba.

Da hantsi ina shanya wanki na ji wani abu ya kama ni a gadon baya, ya zagayo a hankali kamar ana ɗaura mini ɗamara, ya sauka a mara. Na san wannan ciwon. Jikina ya gane shi kafin hankalina. Duk da haka na yi yadda aka koya mini: na sha ruwa, na kwanta ta hagu, na fara ja. Shida. Ya zo ya tafi, na sake ja, shida. Na tashi na zagaya tsakar gida, na sake kwanciya. Biyar. Biyar kuma. Na ce wa kaina wataƙila sauri nake yi, na rage hannu, na ja a tsanake, sai na sami huɗu. Na shiga banɗaki na ga wani abu mai yauƙi da ɗan ja-ja a jikin zanina. Na fito na jingina da bango. Ba ciwon ne ya tsayar da ni ba. Na san abin da ke gona, na san me shekarar gidan nan ta dogara a kai, kuma na san in na kira shi karo na uku aka sake dawo da mu, ba ni ba ɗaga kai a garin nan har abada. Sai da wani ciwon ya zo ya wuce kafin na iya ɗaga ƙafa zuwa ƙofar ɗakin Iya.

Tana zaune tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa kamar mai gaisuwa.

"Iya, naƙuda ce."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ta yau kuma?"

"Ta gaske ce, Iya. Daga shida ta sauko huɗu."

"Ki daure zuwa la'asar, a gama lodin nan. Haihuwa ba gudu take ba. Kowace mace da haka ta saba."

Wannan ita ce maganar da ake riƙe wa Iya har yau, kuma ta faɗe ta, ba zan ɓoye ba. Amma masu ba da labarin a nan suke tsayawa, ni kuwa ina wurin. Ban san inda na samo bakin ba, ni da ban taɓa mayar mata da magana ba, na ji kaina ina cewa:

"Iya, dauriyar na yi a wancan."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Sannan ta ture faifan gefe, ta zaro carbinta daga ƙarƙashin matashi, ta ce in matso. Ta ɗora hannun hagu a cikina ta jira. Da ya ɗaure ta ji shi da tafinta, da ya saki ta fara ja da dama, leɓɓanta suna motsi, ni kuma ina kallon 'ya'yan carbin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta gama zagaye na huɗu ba ya dawo, har sai da na kama gwiwarta. Ta sake ja. Uku da 'yan kai. Ta miƙe, ta ƙwalla wa Uwani kira ta kan katanga ta ce ta zo ta zauna da ni, ta yafa mayafi ta ɗauki sandarta. Uwani ta ce ta bari a nemi wanda za a aika, Iya ta girgiza kai.

"Wa zai yarda da ɗan aike a karo na uku? In ba ni ɗana ya gani ba, ba zai san da gaske ne ba."

Tsohuwar da ciwon gwiwa ya hana ta zuwa ko gidan biki, ita ta bi gefen kanal da tsakar rana har gona. Masu tsinka sun ba da labari daga baya cewa da babanku ya hango ta, kwandon da ke hannunsa ya saki. Ya sa aka sauke kayan da aka riga aka ɗora wa ƙaramar motar, a nan bakin gona, ya ɗauko Iya a gaba suka taho. Dillali yana ta ɗaga murya yana cewa babbar mota ba za ta kwana ba, ko waiwaye bai yi ba.

Aka sa ni a motar, Uwani ta raka mu. A Kura malamar ta duba ni, wannan karon ba ta yi murmushi ba. Ta ce naƙuda ce sosai, amma kan ɗan ya ƙi saukowa, ta rubuta takarda ta ce mu wuce birni yanzu-yanzu. A birni likita ya ce ƙuguna ne bai da faɗin da ɗa zai bi, kuma mai yiwuwa abin da ya faru a na farko ke nan. Aka nemi jini, babanku ya miƙa hannu. Ana kiran la'asar aka shiga da ni ɗakin tiyata, la'asar ɗin da aka ce in daure zuwa gare ta. Da na farfaɗo, abin da na fara ji shi ne kuka, wani siririn kuka mai naci kamar na 'yar akuya, Uwani tana jijjiga ki tana cewa, "Ga ajiyar tamu an ba mu." Na ce a miƙo mini ke. Na duba yatsunki ɗaya-ɗaya, na sa kunnena a ƙirjinki, ban yarda na mayar ba sai da malamar ta yi mini faɗa. Likitan ya faɗa wa babanku cewa da mun kai dare a gida, da labarin ya zama irin na farko, wataƙila har da uwar.

Kwana tara muka yi a asibiti, babanku yana kwana a barandar waje. A gona kuwa, da mai gona ya tafi masu tsinka suka watse, dillali ya cika motarsa da kayan wasu. Kwandunan da aka sauke suka yini biyu a rana har ruwa ya fara bin ƙarƙashinsu, na jikin itace kuma ya fashe. Iya da Inna Saratu suka tara matan da suka samu, suka yanka abin da ya yanku suka shanya ya zama kauɗa, amma abin da suka ceta bai taka kara ya karya ba. Daminar nan babanku bai iya sayen taki ba. Ya sayar da kekensa, ya ba da aron rabin gonarsa, shi kuma ya shiga ƙwadago a gonakin mutanen da a da tare suke zama a majalisa. Na ga tafin hannunsa a shekarar nan, na ga yadda ya rame. Sai da muka yi shekara biyu kafin gidan ya miƙe. Har ya koma ga Allah bai taɓa buɗe baki ya ce mini saboda ke ba, ko cikin faɗa, kuma mun yi faɗa ba sau ɗaya ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Iya. Inna Saratu kuwa, ban san da me zan biya ta ba, kuma da na gwada da turmin atamfa cewa ta yi in bari sai bikinki.

Suna an raɗa shi a masallaci muna asibiti, don haka taron mata sai da muka dawo aka yi. Gida ya cika. Ina zaune a ɗaki an jingina ni da matasai saboda ɗinki, an kawo mini kunu, Iya tana bakin gado da jaririya a cinyarta. Cikin masu barka akwai wata tsohuwa, Hajara, wadda a da ita ce ungozomar garin. Ta leƙa fuskarki ta sa albarka, sannan ta juya ga matan da ke ɗakin ta ce ita dai matan yanzu suna ba ta mamaki, ciwo kaɗan sai mota, haihuwa sai an yanka, an bar dukiya ta narke a gona. Ta ce a zamaninsu mace takan shiga ɗaki ita kaɗai, ba a ji ba a gani, sai dai a ji kukan ɗa. Wasu suka yi 'yar dariya, ni kuma na sunkuyar da kai. Iya ba ta ɗaga murya ba, ko kallon Hajara ba ta yi ba, idonta yana kan jaririyar.

"Zamaninmu? Uku na binne a zamanin namu, Hajara, kuma biyu ke kika wanke su. Kowanne shiru na yi masa har ya mutu a cikina, aka ce ni jaruma ce. Da na sami wanda ya ce mini in ƙirga in yi magana, da ranar nan ɗan nan nawa yana da yayyen da za su tsaya masa a gona."

Shekara huɗu ina gidan ban taɓa jin wannan ba, kuma daga baya na gane babanku ma bai sani ba. Iya ta gyara miki hula, ta goge miki baki da gefen zaninta, sannan ta dube ni ta ce in sha kununa kafin ya huce.